An sa ni a kwamitin sayo wa jami'an ceto da 'yan sanda kayan aiki: yaya zan gane na ƙwarai?

Tambaya: Assalamu alaikum. An sa ni cikin kwamitin da zai zaɓo kayan aikin jami'an agajin gaggawa da 'yan sanda: rigunan sulke, oba-oba, kayan 'yan kwana-kwana da na motar ɗaukar marasa lafiya. Kamfanoni sun kawo takardunsu, kowa yana cewa nasa ne gaba. Ni ma'aikacin ofis ne, ban taɓa shiga gobara ba, ban taɓa riƙe bindiga ba. Da me zan auna kayan nan don kada mu sayo abin da zai ci amanar mutane ranar da ake buƙatarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗi da ka fito fili ka ce ba ka taɓa shiga gobara ba, domin wanda ya san haka shi ne zai nemi waɗanda suka shiga. Na daɗe ina horar da jami'an ceto, ina kuma duba kayan da ake sayo musu, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a harkar nan shi ne, kusan duk abin da ake nuna wa kwamiti bayani ne a kan kaya ranar da suka fito daga kwali. Jami'i kuwa sai bayan shekara uku zai buƙace su, da ƙarfe biyun dare, ga gajiya, ga hayaƙi ya rufe masa ido, ga hannunsa cikin safa mai kauri. Aikinka a kwamitin shi ne ka nemo hujjar cewa kayan za su yi aiki a wannan daren.

Kafin ka buɗe takardar kamfani ko ɗaya, ka sa a ɗauko littafin kiraye-kirayen shekara biyu ko uku da suka wuce. Nawa ne gobarar gida, nawa ne haɗarin mota, nawa ne ambaliya, nawa ne gini da ya rufta, nawa ne mutum ya faɗa rami? 'Yan sandan da aka ji wa rauni, da me aka ji musu: wuƙa, ƙaramar bindiga ko babba? Minti nawa jami'i yake yi sanye da kaya, a cikin wane irin zafi? Daga nan ku zauna da masu fita aikin, ba shugabanninsu kaɗai ba, ku rubuta abin da kuke so kayan su iya yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada takardar ta ce "muna son oba-oba na zamani". Ta ce: muna son oba-oba da batirinsa zai kai awa 12, wanda mutum zai iya latsawa da safar gobara a hannunsa, wanda za a ji muryarsa daga ƙarƙashin bene, wanda kuma zai yi magana da na 'yan sanda. Kowace jimla a takardar ta zama abin da za a iya gwadawa, a ce ya yi ko bai yi ba. In kun bari dillali ya fara magana, to shi zai rubuta muku buƙatarku, kuma zai rubuta ta daidai da abin da ke cikin sitonsa.

Akwai tsarin da nake yawan nuna wa kwamitoci. Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka tana da shiri mai suna SAVER tun 2004, aikinsa ke nan, tantance kayan jami'an gaggawa. Sukan tara masu aikin da kansu, su tsara abubuwan da za a duba, su ba kowanne nauyinsa tun kafin a kawo kayan, sannan su sa kayan a jikinsu su yi atisaye da su. Kashi biyar suke duba kowane kaya: ko yana iya aikin, ko yana da sauƙin sarrafawa, ko yana da sauƙin ɗauka da haɗawa a wurin aiki, ko ana iya kula da shi da gyara shi, da kuma abin da zai ci na kuɗi. Suna wallafa rahotanninsu a intanet. Abin ɗauka a nan shi ne raba nauyin maki kafin a ga kaya. Da zarar an ga kaya, kowa zuciyarsa ta riga ta karkata, sai a koma ana gyara ma'auni don ya dace da abin da aka so.

Bari in tsaya a kan rigar sulke, don a nan aka fi yaudarar masu saye. Babu rigar da ke tare kowane harsashi. Mai laushi, wadda aka saƙa da zare irin su Kevlar, ta ƙaramar bindiga ce. Harsashin AK-47 zai ratsa ta. Tare harsashin babbar bindiga sai da faranti mai tauri na tangaran ko ƙarfe ko wata roba ta musamman da ake cusawa gaba da baya. Ma'aunin da aka fi bi a duniya shi ne na Cibiyar Binciken Shari'a ta Amurka, wato NIJ. A bugun 2008 matakan su ne IIA, II da IIIA na ƙananan bindigogi, sai III da IV na manya. A sabon bugun 2023 an sauya sunayen zuwa HG1 da HG2, sai RF1, RF2 da RF3. Wannan sauyin ba na suna kaɗai ba ne: tsohon mataki na III da harsashi iri ɗaya ake gwada shi, ba na AK-47 ba, sabon RF1 kuwa ya haɗa da harsashin AK mai ƙarfe a ciki. Saboda haka ka tambaya da wane harsashi aka harbi farantin, kada lambar da ke jiki ta ishe ka. Idan ka ga an rubuta III+ ko IIIA+, ka sani wannan ba matakin NIJ ba ne, kamfani ne ya raɗa wa kayansa. Haka nan akwai tazara mai nisa tsakanin "an gwada bisa ma'aunin NIJ" da "tana cikin jerin kayan da NIJ ta amince da su". Na farko kowa zai iya rubutawa. Na biyu kuwa jeri ne da yake a buɗe, kana iya dubawa da kanka ka ga ko lambar samfurin da aka kawo maka tana ciki, harafi da harafi.

Tare harsashi ma bai wadatar ba. A wajen gwaji ana jingina rigar da yumɓu, a harba, sannan a auna zurfin loɓawar da aka samu a bayanta, kuma iyakar da aka sa ita ce milimita 44, domin dukan da ya wuce haka yana iya karya haƙarƙari ko ya illata kayan ciki ko da harsashin bai shiga ba. Sannan rigar harsashi ba lalle ta tare wuƙa ko tsinin ƙarfe ba, saboda tsini yana raba zaren ya wuce. Ma'auninta daban ne. Shi ya sa a Birtaniya, inda wuƙa ta fi zama barazana ga ɗan sanda, ma'aunin Ma'aikatar Cikin Gida na 2017 ya ware matakan harsashi daban, na wuƙa da tsini daban. Ka ga amfanin littafin kiraye-kirayen da na ce a ɗauko.

Labarin da ya kamata kowane ɗan kwamiti ya sani shi ne na zaren Zylon. Zare ne mai ƙarfin gaske, ga rashin nauyi, rigunan da aka yi da shi sun ci jarrabawar NIJ, 'yan sanda suka yi ta rububinsu. A watan Yunin 2003 aka harbi wani ɗan sanda a Forest Hills, jihar Pennsylvania, harsashin ƙaramar bindiga ya ratsa rigarsa ta Zylon wadda ba ta kai shekara ba, alhali irin harsashin da aka yi ta domin ta tare ne. Da NIJ ta tattaro riguna 103 da aka yi aiki da su ta harba, rahotonta na 2005 ya nuna 60 daga ciki harsashi ya huda su, huɗu kacal suka cika dukkan sharuɗɗa. Danshi da zafi da haske suna cin zaren a hankali ba tare da ido ya gani ba. Takardar shaidar ba ƙarya ta yi ba, sabuwar riga aka gwada. Wannan ne ya sa a bugun 2008 aka ƙara wahalar da riga kafin a harbe ta: a sa ta cikin ganga mai juyawa kwana 10, a zafin digiri 65 da danshi kashi 80 cikin 100, ta juya sau 72,000. Duk kayan da aka kawo maka, ka yi wa mai su tambayar da Zylon ta koyar: an gwada su bayan sun tsufa, ko suna sababbi kawai? Ka kuma duba ranar ƙerawa a jikin kowace riga, domin garantin mai laushi yawanci shekara biyar ne, kuma akan kawo wadda ta cinye biyu a sito.

Da sauran abu ɗaya game da riga. Wadda ta yi nauyi ko zafi fiye da kima, a bayan mota za ka same ta. Wadda ba a auna jikin mai ita ba takan bar gefen ƙirji a buɗe, ko ta tokare maƙogwaro in ya zauna. Mata jami'ai suna buƙatar ɗinki nasu, ba ƙaramar ta maza ba. Na fi son riga mai matsakaicin mataki wadda za a sa kullum a kan mai babban mataki wadda za a cire da rana ta take.

Zylon aƙalla kaya ne na gaske da ya gaza. Akwai wanda tun asali babu komai a cikinsa. Wani ɗan kasuwar Birtaniya, James McCormick, ya yi shekaru yana sayar da wata na'ura mai suna ADE 651, yana cewa tana gano bam daga nesa. Mariƙi ne na roba da eriya mai lilo, ba wani abin lantarki mai aiki a ciki, asalinta ma abin wasa ne na neman ƙwallon golf wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Iraƙi ta saye ta da miliyoyin daloli, aka raba a shingayen bincike na Bagadaza, motoci ɗauke da bam suna wucewa ta gabanta. Kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 10 a 2013, amma ba a janye na'urar daga titunan Bagadaza ba sai bayan harin bam na unguwar Karrada da ke birnin a watan Yulin 2016, wanda ya ci rayuka sama da 300. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci, domin gwajin da zai tona asirinta bai fi na wuni ɗaya ba.

Ga yadda ake yin sa, kuma ya shafi kowace na'urar da aka ce tana gano wani abu, ko bam, ko ƙwaya, ko mutum a ƙarƙashin ɓaraguzai. A jera akwati goma iri ɗaya. Wani mutum ya sa abin a cikin ɗaya, ya rubuta lambar ya fita. Mai riƙe da na'urar bai san inda yake ba, masu kallo ma ba su sani ba, dillali ma bai sani ba. A maimaita sau ashirin ko talatin, ana sauya wuri, wani zubin ma a bar akwatunan duka babu komai. Mai canki-canka zai dace kusan sau ɗaya cikin goma. Na'urar gaske za ta yi nesa da haka. A ƙirga sau nawa ta rasa abin yana nan, da sau nawa ta yi kuka babu komai, domin mai yawan kukan banza ita ma jami'ai daina sauraronta suke yi. Nunin da dillali ya shirya da kansa, a filinsa, da yaransa, ba gwaji ba ne. Wanda ya ce fasaharsa sirri ce, ba za a buɗe ba, ba za a gwada ba, ku sallame shi tun daga nan.

Kayan 'yan kwana-kwana kuma matsalarsu ta auna abu biyu ce masu jan juna. Rigar shiga gobara hawa uku ce: na waje mai jure wuta, na tsakiya mai hana ruwa shiga, na ciki mai tare zafi. Ma'aunanta sanannu su ne na NFPA, ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, da EN 469 na Turai. A na NFPA akwai lambobi biyu da za ka nema. Ɗaya tana nuna yadda rigar ke tare zafin wuta, mafi ƙaranci 35, wato kimanin daƙiƙa 17 da rabi kafin fata ta ƙone ta yi bororo a cikin wuta mai tsanani. Ɗayar tana nuna yadda rigar ke barin zafin jiki ya fita, mafi ƙaranci 205. In ka ƙara kauri ta farko ta hau, ta biyu sauka take yi. Kwamitoci da yawa babbar lambar farko suke bi, suna ganin sun yi wa jami'ai gata. Alhali binciken da aka buga a 2007 ya nuna kusan kashi 45 cikin 100 na 'yan kwana-kwanan Amurka da ke mutuwa a bakin aiki ciwon zuciya ne ke kashe su, kuma zafin da ke taruwa a cikin riga yana daga abin da ke gajiyar da zuciya. Wanda aikinsa gobarar daji ko ceto a kan titi, rigar shiga gini nauyi ce kawai a kansa, akwai tasa mara nauyi. Ku kuma yi lissafin wanki. A 2022 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin kashe gobara a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar, kuma toka da hayaƙin da ke maƙalewa a riga suna cikin hanyoyin. Mai riga ɗaya ba zai wanke ta ba, don bai san lokacin da za a sake kira ba. Ƙa'idar NFPA ta ce a daina amfani da rigar bayan shekara 10 daga ranar ƙerawa, ko da ba a taɓa sa ta ba.

Tukunyar iskar da ake goyawa ita ma lambarta tana ruɗar mutane. In an ce ta minti 30 ce, an yi lissafin ne a kan mai shaƙar lita 40 a minti. Wanda yake hawa bene da mesa a kafaɗa yakan ninka haka, sai ka ga iskar ta ƙare a minti 15 zuwa 20, kuma a ciki har da ta fitowa. Saboda haka ne a 2013 aka ɗaga lokacin da ƙararrawar gargaɗi ke bugawa daga saura kashi 25 zuwa saura kashi 33. Tukunyar zamani mara nauyi yawanci shekara 15 ce rayuwarta, kuma ana gwada ƙarfinta da ruwa duk shekara biyar. Na taɓa shiga wani sito na tarar da tukwane sababbi ƙal a jere, duk babu iska, saboda an sayo su ba a sayo injin cika su ba. An yi gobara ɗaya da su, shi ke nan. Injin kuma ba irin na hura taya ba ne, na iskar shaƙa ne mai matatai, wanda ake auna tsabtar iskarsa lokaci-lokaci. Takunkumin fuska sai an gwada wa kowane mutum nasa, domin fuska ba ɗaya ba ce, kuma gashin da ya shiga ƙarƙashin bakin robar yana buɗe wa hayaƙi hanya. Wannan magana ce da za a yi da jami'an cikin mutunci tun kafin a saya.

Sai batun ko kayan za su haɗu da na maƙwabta. A watan Fabrairun 1904 gobara ta tashi a birnin Baltimore na Amurka. 'Yan kwana-kwana suka zo taimako daga Washington da Philadelphia da wasu garuruwa, suka tarar bakin mesarsu ba ya ɗauruwa a famfunan birnin, saboda kowane gari da irin zarensa. Wutar ta yi kusan awa 30 tana ci, ta lashe gine-gine sama da 1,500. Bayan shekara 87, a gobarar 1991 ta tsaunukan Oakland na jihar California, aka sake cin karo da irin wannan matsala ta bakin famfo. Don haka kafin ku sa hannu, ku ɗauki samfurin ku je tashar da ke kusa da ku, da filin jirgin sama, da duk wanda zai kawo muku ɗauki, ku ɗaura ku gani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A oba-oba abin ya fi muni, don ido ba ya ganin rashin haɗuwar. Ranar 11 ga Satumba 2001 a New York, 'yan sandan da ke cikin jirgi mai saukar ungulu sun yi gargaɗi cewa ɗayan tagwayen dogayen gine-ginen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da aka kai wa hari, wanda ya rage a tsaye, yana dab da ruftawa. A tashar 'yan sanda aka yi gargaɗin, 'yan kwana-kwana kuwa a wata tasha suke, kuma nasu oba-oban ma da ƙyar yake aiki a cikin dogon gini. Su 343 suka rasu a ranar. A harin jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan na 7 ga Yuli 2005, oba-oban masu ceto bai yi aiki a cikin rami ba, sai da aka koma aika mutum da ƙafa ya kai saƙo, alhali tun bayan gobarar tashar King's Cross ta 1987 aka ba da shawarar a gyara wannan. Manyan tsare-tsaren oba-oba na dijital su ne P25, wanda aka fi amfani da shi a Arewacin Amurka, da TETRA na Turai da ƙasashe da dama, kuma ba sa magana da juna kai tsaye. Ku zaɓi tsari a buɗe wanda kamfanoni da yawa ke ƙera wa kaya, kada ku ɗaure kanku da kamfani ɗaya. Ku gwada shi a wuraren da kuka san sauti yana ɓacewa: ƙarƙashin gini, cikin kwari, bayan dutse. Lambar IP67 a jikinsa tana nufin ƙura ba ta shiga, kuma zai jure zama cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Na ga wurin da aka zaɓi oba-oba a ofis mai sanyi, kowa ya yaba kyansa, da aka miƙa wa mai safar gobara sai yatsansa ya danne maɓalli biyu lokaci ɗaya.

A kayan motar marasa lafiya, abu ɗaya nake so ka riƙe sosai, domin ya shafi fatarmu. Ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini da haske yake aiki, kuma launin fata yana taɓa sakamakonsa. Wani bincike na Jami'ar Michigan da aka buga a ƙarshen 2020 ya duba marasa lafiyar da na'urar ta nuna musu 92 zuwa 96, aka kwatanta da gwajin jini na haƙiƙa. A cikin baƙaƙen fata kashi 11.7 cikin 100 oksijin ɗinsu yana ƙasa da 88, a cikin fararen fata kashi 3.6. Wato na'urar tana cewa lafiya lau, mutum yana shaƙewa. Ka nemi kamfanin ya nuna maka a kan wane irin fata aka gwada tasa. Ka kuma sa a koya wa jami'ai cewa irin wadda aka saba da ita ba ta bambance oksijin da gubar hayaƙi, don haka wanda aka fito da shi daga gobara lambarsa tana iya yin kyau alhali yana cikin haɗari. Maɗaurin tsayar da jini jabunsa ya cika kasuwa, kamanninsu ɗaya da na gaske, sai an murɗa sandar ta karye a hannu. Ku saya daga wakilin da kamfanin ya tabbatar, ku murɗa 'yan kaɗan daga kowane kwali har ƙarshe. Na'urar farfaɗo da zuciya kuwa, kowane minti da aka yi ba a taimaki wanda zuciyarsa ta tsaya ba damar rayuwarsa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10, kuma batirinta da faifanta da ake mannawa a ƙirji duk suna da ranar lalacewa. Haka na'urar auna iskar guba: hancinta yana mutuwa da shekaru, sai ana shaƙa mata iskar gwaji kafin a fita da ita, iskar gwajin ma saye ake yi.

Wannan ya kawo mu ga kuɗi. Farashin da ke kan takarda somin-taɓi ne. Ku sa kowane kamfani ya rubuta abin da kayansa za su ci cikin shekara biyar ko goma: batir, matatai, safaya, lasisin manhaja, horo, gyara, da kwana nawa ake yi kafin kayan gyara su iso. Kyamarar da ɗan sanda ke maƙalawa a ƙirji misali ce mai kyau, domin ajiye bidiyon da tace shi da ba kotu yakan zarce kuɗin kyamarar kanta. Amfaninta ma ya dogara da dokar da aka kafa mata. A Rialto ta jihar California, gwajin 2012 zuwa 2013 ya nuna ƙorafin jama'a ya ragu da kusan kashi 90, amma a Washington, inda aka gwada da 'yan sanda sama da 2,000 aka fitar da sakamako a 2017, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Sai an fara yanke wa zai kunna, yaushe, wa zai kalla, kwana nawa za a ajiye. Kayan kyauta ma ku auna su da wannan mudun. Wani bincike na 2011 ya bi kayan asibiti sama da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, ya tarar kusan kashi 38 ba sa aiki, galibi saboda rashin horo da rashin tsarin kula da su. Ba laifi ba ne ku ce wa mai kyauta kun gode, amma wannan ba za ku iya riƙe shi ba.

In kun tace kamfanonin sun rage biyu ko uku, ku karɓi samfuri ku raba wa jami'ai na mako huɗu zuwa shida, dogo da gajere, mace da namiji, sabon shiga da tsohon hannu, masu dare da masu rana. Inda zai yiwu a rufe sunan kamfanin. Kowa ya cika takarda iri ɗaya shi kaɗai, ba a gaban ogansa ba. Ku kira hukumomin da suka yi shekara uku suna amfani da kayan, waɗanda kuka nemo da kanku, ku tambayi mai kula da sitonsu me ya fi lalacewa. Duk ɗan kwamitin da kamfani ya biya wa tafiya ko ya yi wa wata alfarma, ya faɗa, ya janye daga bayar da maki.

A cikin kwangilar kuma ku rubuta lambar samfurin da kuka gwada, da sharaɗin cewa ranar ƙerawa ba za ta wuce watanni kaza ba, da cewa za ku zari wasu daga cikin kayan da aka kawo, ku da kanku, ku kai ɗakin gwaji mai zaman kansa kafin a biya cikon kuɗin. Samfurin da aka kawo wa kwamiti da abin da ke zuwa a kwantena ba kullum suke zama ɗaya ba. Ranar da kayan suka shiga sito a ba kowanne lamba da kati mai ɗauke da ranar dubawa da ranar daina amfani da shi, a kuma buɗe littafin da jami'i zai rubuta duk abin da ya gaza a hannunsa ba tare da tsoron a ce shi ya lalata ba. Idan ɗaya ya gaza ta hanyar da ke iya kashe mutum, a janye 'yan'uwansa na zubi ɗaya har sai an gano dalili.

Idan kun gama rubuta jerin ayyukan da na ambata a farko, Malam, ka turo mini shi tare da matakan da kamfanonin suka rubuta a jikin rigunan sulken, mu bi su ɗaya bayan ɗaya kafin zamanku na gaba.